Madina a Zamanin Mawaƙa

A ranar 1 ga watan Yuli na 1997 Biritaniya ta miƙa wa ƙasar Sin yankin Hong Kong, watau babban abin da ya rage mata na daular da a dā ake cewa rana ba ta faɗuwa a cikinta. Kafin watan ya ƙare, sabon Firayim Minista, Tony Blair, ya shirya liyafa a gidan gwamnati na Downing Street, kuma hoton da jaridu suka fi bugawa kashegari shi ne nasa yana gaisawa da Noel Gallagher, makaɗin ƙungiyar Oasis, ɗan talakawa daga Manchester wanda bai taɓa ɓoye cewa yana shan miyagun ƙwayoyi ba. Shekara guda kafin nan, a watan Agusta na 1996, mutum 250,000 suka taru a filin Knebworth cikin dare biyu domin su saurari ƙungiyar tasa. Mutanen Ingila suna tunawa da shekarun 1990 a kan zamanin sharholiya, sa'ad da gidajen rawa suke cika har wayewar gari, 'yan siyasa kuma suka shiga zawarcin mawaƙa.

Wannan kuwa maimaici ne na abin da ya faru shekara talatin kafin nan. Indiya ta fita daga hannun Ingila a 1947, Gana a 1957, Nijeriya a 1960, sa'an nan a 1962 wasu samari huɗu na Liverpool, watau Beatles, suka fitar da faifan da ya fara fito da sunansu. A watan Fabrairu na 1964 kimanin mutum miliyan 73 suka kalle su a talabijin a Amurka, a 1965 Sarauniya ta ba su lambar girma. Kiɗan da suka yi suna da shi asalinsa na baƙaƙen Amurka ne, jikokin bayi. Samarin Ingila sun ji shi a faifan garmaho, suka juya shi yadda ya dace da bakinsu, suka sayar wa duniya. Ƙasar da ta daina aika Razdan da Di'o ƙasashen waje sai ta koma aika faifai.

Wanda ya karanta tarihin Larabawa zai ga cewa irin wannan haɗuwa, ta mulkin da ya kuɓuce da dukiyar da ta rage da waƙar da ta bunƙasa, ta taɓa aukuwa kusan ƙarni goma sha uku kafin Beatles, a birnin da ba kowa zai zata ba. Musulmi idan ya ji an ambaci Madina, abin da ke faɗo masa a rai shi ne Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rauda, da maƙabartar Baƙi'a, da dutsen Uhudu, da Imamu Malik. Amma a littattafan adabin Larabci Madina tana da wani suna na biyu, domin a cikinta ne fasahar waƙa da kiɗa ta Larabawa ta tsaya da ƙafafunta, tsakanin kimanin shekarar 660 da 745 ta Miladiyya, zamanin sarautar Banu Umayya.

Mafi yawan abin da aka sani game da wannan zamani ya zo ne daga Kitabul Agani, watau littafin waƙoƙi, na Abul Faraj al-Isfahani, wanda aka haifa a 897 ya rayu a Bagadaza. Littafi ne mai juzu'i fiye da ashirin a bugun zamani. Mai shi ya rubuta shi shekara ɗari biyu bayan mutanen da yake ba da labarinsu sun kwanta dama, kuma mutum ne mai son labari mai daɗi, saboda haka ba a ɗaukar ruwayarsa yadda ake ɗaukar ta Buhari, malaman addini da dama ma sun soke shi. Duk da haka sunayen mawaƙan, da na iyayengijinsu, da na gwamnonin da suka takura musu, sun zo a wasu littattafan, har Ibnu Haldun ya ambaci manyansu a cikin Muƙaddima a ƙarni na goma sha huɗu.

Labarin ya fara ne da tashin mulki. Madina ita ce hedkwatar daular Musulunci a zamanin Abubakar da Umar da Usman. A 656, bayan kisan Usman, Sayyadina Ali ya fita zuwa Iraƙi, ya zauna a Kufa, bai sake komowa ba. A 661 Mu'awiya ya kafa gadon sarauta a Dimashƙa, Madina ta zama lardi wanda ake aiko wa gwamna. Dukiya kuwa ba ta tashi tare da mulkin ba. Tun zamanin Umar aka kafa diwani, watau littafin albashi, inda wanda ya halarci yaƙin Badar yake karɓar dirhami 5,000 a shekara, saura kuma gwargwadon rigayensu cikin Musulunci. Ganimar Farisa da Sham da Masar ta kwarara cikin gidajen Muhajirai da Ansaru, 'ya'yansu da jikokinsu suka gada. Suka gina benaye a kwarin Aƙiƙ, yamma da gari, inda ruwa ke gudu idan an yi ruwan sama, suka dasa dabino da inabi. Kufan gidan Urwa ɗan Zubairu yana nan har yau kusa da rijiyarsa.

Tare da ganimar kuma aka zo da mutane, maza da mata, Farisawa da Rumawa da Barbarawa da Habashawa. Yawancinsu sun musulunta, an 'yanta da yawa daga cikinsu, suka zama mawali, watau 'yantattu masu raɓe da gidan da ya 'yanta su. Su ne magina, su ne masu ɗinki, su ne masu dafa abinci irin na Farisa, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka taso da kiɗan ƙasar Kisra a kunnensu. Larabawa ba su rasa waƙa ba kafin wannan. Suna da huda, waƙar da mai kora raƙuma yake yi wa ayari bisa takun raƙumi, suna da ta biki da ta makoki, mata suna buga bandiri, a fadojin Hira da Gassan kuma akwai kuyangi mawaƙa. Abin da bai kafu a Hijaz ba tukuna shi ne sana'a mai ƙa'ida, wadda almajiri ke koya a gaban malami, mai kari iri-iri kowanne da sunansa, ana rakiyarta da abin kiɗa mai tsirkiya.

Wanda ake fara ambata cikin masu wannan sana'a shi ne Ɗuwaisu, maulan Banu Makhzum. Laƙabinsa ma'anarsa ƙaramin ɗawisu, kalmar da Hausa ma ta aro daga Larabci. Yana cikin rukunin da Larabawa ke kira mukhannasai, maza masu kwaikwayon shiga da maganar mata, waɗanda suka fi kusa da 'yan daudu a ƙasar Hausa. Suna shiga cikin mata, suna shige da fice wajen neman aure, ga kaifin baki. Ɗuwaisu bandiri kaɗai yake bugawa, mai kusurwa huɗu, kuma an ce shi ya fara rera waƙar Larabci da kari mai sauƙi mai sauri wanda ake kira hazaj. Larabawa sun mai da shi karin magana ta rashin sa'a, domin wai an haife shi ranar da Annabi ya yi wafati, aka yaye shi ranar da Abubakar ya rasu, aka yi masa kaciya ranar da aka kashe Umar, ya yi aure ranar da aka kashe Usman, aka haifa masa ɗa ranar da aka kashe Ali. Da wuya a ce haka abin ya daidaita, kuma da alama shi da kansa ya shirya labarin don ya ba mutane dariya.

Na biyu, wanda ya fi shi tasiri, shi ne Sa'ibu Khasir, Bafarishe ne ta wajen asali, mai sayar da abinci a kasuwar Madina. Uban gidansa shi ne Abdullahi ɗan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, wanda aka haifa a Habasha lokacin hijira ta farko, mutumin da saboda kyautarsa ake masa laƙabi da tekun alheri, wanda kuma an ce Mu'awiya yana ba shi dirhami miliyan guda kowace shekara. An ruwaito cewa wani bawa mai suna Nashiɗ ya zo Madina yana waƙa da Farisanci, Abdullahi ya ji ta yi masa daɗi. Sa'ibu ya ce masa zai yi masa irinta da Larabci, kashegari da safe kuwa ya zo masa da ita. Ya ɗauki baitocin Larabci na dā ya ɗora su a kan kari mai nauyi, mai tafiya a hankali, wanda daga baya aka san shi da suna saƙil. Shi ne kuma ake cewa ya fara rera waƙa da udu a Madina, watau wani irin babban molo mai faɗin ciki da gajeren wuya. A Makka ma wani baƙin mutum mai suna Ibnu Misjah ya yi irin wannan aikin, bayan ya ji magina Farisawa suna waƙa a bakin aikinsu. Abin da samarin Liverpool suka yi da kiɗan baƙaƙen Amurka ke nan, sai dai a Hijaz waɗanda suka kawo baƙon karin da waɗanda suka juya shi duk 'yan gida ɗaya ne, bayi da 'yantattu.

Ƙarshen Sa'ibu ya nuna irin ƙasar da wannan fasaha ta tsira a kanta. Bayan Yazidu ɗan Mu'awiya ya hau mulki a 680, wata tawagar manyan Madina ta je Dimashƙa, ya karɓe su da kyauta mai yawa, amma da suka dawo sai suka ba da labari cewa sun baro mutum mai shan giya, mai wasa da karnuka, wanda kuyangi ke kaɗa wa. Akwai kuma tsohuwar rigima a kan gonaki da ruwa tsakanin mutanen gari da wakilan Banu Umayya. Madina ta warware mubaya'a a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Hanzala. A watan Agusta na 683 rundunar Sham, bisa jagorancin Muslim ɗan Uƙba, ta karya mutanen Madina a Harra, filin baƙin dutse da ke gabashin gari, aka kashe 'ya'yan Sahabbai da yawa, aka washe gidaje. Cikin waɗanda aka kashe har da Sa'ibu Khasir. Garin da ya yi tawaye yana zargin Halifa da son kiɗa, sojan Halifan ne suka kashe masa babban makaɗinsa, kuma an ce da Yazidu ya ga sunan cikin jerin matattu ya yi baƙin ciki.

Bayan Harra, da kuma kisan Abdullahi ɗan Zubairu a Makka a 692, babu sauran mai tunanin cewa halifanci zai dawo Hijaz nan kusa. A cikin shekaru arba'in da suka biyo baya ne waƙa ta kai ƙololuwarta a Madina, kuma mata biyu ne a tsakiyar al'amarin. Ta farko ita ce Azzatul Maila, 'yantacciya ta Ansaru, wadda aka yi wa wannan laƙabi saboda rangaji da take yi idan tana tafiya. Gidanta ya zama wurin taruwar manyan gari. Yadda aka siffanta zaman, ba irin gidan shashanci ba ne: ana shiga da izini, ana zama shiru, wanda ya yi surutu ko ya cika motsi akan ƙwanƙwashe shi da sanda a ka. An ruwaito cewa tun farkon tasowarta Hassanu ɗan Sabit, mawaƙin Manzon Allah, yana tsoho idanunsa sun tafi, ya ji ta tana rera baitocinsa a wajen wani biki, ya yi kuka, domin ta tuna masa fadar sarakunan Gassan da ya sani a ƙuruciyarsa.

Ta biyu ita ce Jamila, 'yantacciya ta Banu Sulaim, wadda ta ce ta koyi waƙa ne ta hanyar sauraron maƙwabcinta Sa'ibu Khasir. Jamila makaranta ta kafa. Masu kuɗi sukan kawo mata kuyanginsu ta koya musu waƙa da udu, ita kuma takan shirya zama inda kuyangi kamar hamsin za su jeru a bayan labule kowace da udunta. Da ta tashi aikin hajji, mawaƙan Madina maza da mata suka rako ta, mawaƙan Makka suka fito tarye, da ta dawo kuma aka yi kwana uku ana waƙa a gidanta. Babban almajirinta shi ne Ma'abad, wanda ubansa baƙar fata ne, shi kuma ya taso bawa yana kiwon tumakin iyayengijinsa a bayan gari. Ma'abad ne ya zama sarkin mawaƙan Madina. Da ya ji ana yabon Ƙutaiba ɗan Muslim da cewa ya ci birane bakwai a Khurasan, sai ya ce shi ma yana da waƙoƙi bakwai waɗanda kowace ta fi cin birni wuya, daga nan aka riƙa kiransu biranen Ma'abad. A maganar akwai wasa, akwai kuma gaskiyar zamanin: Ƙutaiba da irinsa suna faɗaɗa daula a gabas, jikokin waɗanda suka kafa daular kuwa suna zaune a Aƙiƙ suna gardama a kan wa ya fi wani murya.

Har ado da gyaran gashi abin ya shafa. Sukaina 'yar Husaini, jikar Sayyadina Ali, wadda ta ga abin da ya faru a Karbala da idonta, marubutan adabi sun ce tana da zaure inda mawaƙa ke kawo baitocinsu a auna, kuma wani irin gyaran gashi da take yi ya yaɗu har maza suka ara, Umar ɗan Abdul'aziz ya riƙa sa a aske duk namijin da aka kama da shi. An kuma ce Hunainu, wani tsohon mawaƙi Kirista daga Hira, ya yi waƙa a gidanta, jama'a suka cika soro har ya rufta, shi kaɗai ya mutu. Malaman Shi'a da wasu na Sunna suna ƙaryata waɗannan labarai, suna ganin an ƙirƙira su ne don a zubar da mutuncin gidan Annabi, kuma lalle a zamanin da ake gaba da gidan akwai masu dalilin yin haka.

Me ya kawo wannan duka? Ɗaha Husaini, marubucin Masar, shi ya ba da amsar da ta fi shahara a cikin maƙalunsa na shekarun 1920, Shauƙi Daif kuma ya faɗaɗa ta cikin littafi guda a kan waƙa da kiɗa a Madina da Makka. A ganinsu Banu Umayya da gangan suka yi ta zuba wa 'ya'yan Ƙuraishawa da Ansaru kuɗi, suka kuma hana su muƙami da jagorancin yaƙi, domin saurayin da ke sauraron Jamila ba ya tara runduna. Dukiya da zaman banza da yanke ƙauna suka haɗu, suka haifi waƙar soyayya da kiɗan da ke ɗauke da ita. Wannan bayani yana da ƙarfi, amma ya bar rabin garin a waje. A cikin waɗannan shekaru ɗin dai, a cikin wannan garin dai, malaman nan bakwai na Madina suke zaune a Masallaci: Sa'idu ɗan Musayyib, da Urwa ɗan Zubairu, da Ƙasim ɗan Muhammad ɗan Abubakar, da Kharija ɗan Zaidu, da Sulaimanu ɗan Yasar, da sauransu. Rashin mulkin da ya ba wasu sukunin sauraron udu shi ne ya ba waɗannan sukunin tattara hadisi da fiƙihu. Sa'idu ya sha bulala saboda ya ƙi yin mubaya'a ga 'ya'yan Abdulmalik, wanda ke nuna cewa kuɗin Dimashƙa bai saye kowa ba. Kuma rukunan biyu ba su rabu da juna sarai ba, dangi ne, maƙwabta ne. Urwa mai hadisi shi ne mai gida a Aƙiƙ, Ubaidullahi ɗan Abdullahi kuwa, ɗaya daga cikin bakwai ɗin, yana tsara baitocin bege.

A wannan gari aka haifi Malik ɗan Anas wajen shekarar 711, Ma'abad yana tsakiyar tashensa. Isfahani ya kawo wata ruwaya cewa Malik yana yaro yakan bi mawaƙa yana koyo, sai mahaifiyarsa ta karkatar da shi zuwa ga fiƙihu. Malaman mazhabarsa ba su dogara da wannan ba. Abin da suka riƙe shi ne cewa da aka tambaye shi game da waƙar da mutanen Madina suke sassautawa a kanta, ya amsa cewa a wurinsu fasiƙai ne ke yin ta. Tambayar kanta shaida ce, domin tana nuna cewa a sauran ƙasashen Musulmi an san Madina da wannan sassauci. Gardamar ba ta mutu ba, ta bi littattafan Malikiyya ta ƙetare Sahara, har malaman jihadin Sakkwato suka yi rubuce-rubuce a kan hukuncin ganga da algaita.

Hukuma kuwa ba ta tsaya a kan ra'ayi ɗaya ba. A zamanin gwamna Marwanu ɗan Hakam an kori mukhannasai, Ɗuwaisu ya koma Suwaida, tafiyar kwana biyu a kan hanyar Sham, a can ya mutu. A 712 aka naɗa Usman ɗan Hayyan, mutum mai tsanani, manyan gari suka roƙe shi ya tsarkake Madina, ya ba mawaƙa kwana uku su fita. Ibnu Abi Atiƙ, wanda tsatson Abubakar Siddiƙu ne, sananne da barkwanci, ya je ya ce masa akwai wata baiwar Allah da ta tuba, tana roƙon kada a raba ta da maƙwabtakar Annabi. Aka shigo da Sallama, almajirar Jamila, da tasbaha a hannu. Ta yi wa gwamna zancen kakanninsa, ta karanta masa Alƙur'ani, aka lallaɓa ta yi masa huda, daga nan aka gangara zuwa waƙa sosai, gwamna ya sauko daga mazauninsa ya zauna a gabanta, ya janye dokar ga kowa. Ba kullum abin ke ƙarewa da dariya ba. Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 715 zuwa 717, ya aika wa gwamnansa Abubakar ɗan Hazm takarda game da mukhannasan Madina, aka kama wasu aka dandaƙe su, cikinsu har da mawaƙi Dalal. Daga baya aka ce wai Halifa cewa ya yi a ƙidaya su, ɗigo ɗaya ya faɗa a kan harafi ya mai da ha ta zama kha, ma'ana ta juye. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ɗigo yana iya wannan ɓarna, amma labarin ya fi kama da wanda aka shirya don a wanke mai sarauta. Shi wannan gwamna ne kuma ya yi wa Ahwas, mawaƙin Ansaru wanda Ma'abad ke rera baitocinsa, bulala, aka kore shi zuwa tsibirin Dahlak a Bahar Maliya, cikin Eritiriya ta yau.

Abin da tsanani ya kasa yi, kasuwa ta yi shi. Yazidu ɗan Abdulmalik ya hau mulki a 720 bayan Umar ɗan Abdul'aziz, kuma tun yana ɗan sarki ransa yake kan wata kuyangar Madina mai suna Habbaba, wadda aka saya dinari 4,000. Aka kai masa ita Sham, aka kai masa Sallama, aka dawo da Ahwas daga Dahlak, aka kira Ma'abad. A nan ne kwatance da Ingila ya tsaya. Mawaƙan Liverpool da Manchester sun je fada da ƙafafunsu, sun koma gida da dukiyarsu. Habbaba da Sallama kaya ne, an yi cinikinsu, an biya iyayengijinsu, kuma horon da Jamila ke yi wa kuyangi, ko da yake fasaha ce ta gaske, shi ne ke ninka kuɗin yarinya a kasuwa. Masu kiran wannan lokaci zamanin zinariya sukan wuce wannan da sauri. Habbaba ta mutu a 724, an ce ƙwayar rumman ce ta shaƙe ta, Yazidu ya hana a binne ta har kwanaki, shi ma bai daɗe ba ya bi ta. Ɗansa Walidu, wanda ya hau a 743, ya tara mawaƙan Hijaz a fadarsa, Ma'abad ya mutu a wurinsa a wannan shekara, Halifa da kansa ya taka a gaban makara, Sallama tana riƙe da ita tana kuka. A 744 'yan uwan Walidu suka kashe shi, kuma shaye-shaye da kiɗa suna cikin laifuffukan da suka lissafa masa.

A 747 wata runduna ta Ibadiyya ta taso daga Yaman a ƙarƙashin Abu Hamza, ta kama Makka, ta nufo Madina. Mutanen gari suka fita tarye ta a Ƙudaid, kuma masu tarihi sun ce sun fita ne cikin tufafi masu rini da taushi, kamar masu zuwa biki, domin sun daɗe rabonsu da yaƙi. Aka kashe ɗaruruwa, Ƙuraishawa da yawa a cikinsu. Abu Hamza ya hau mumbarin Madina ya yi huɗubar da ta shahara, ya bi sarakunan Banu Umayya ɗaya ɗaya, da ya zo kan Yazidu ya siffanta shi zaune tsakanin Habbaba da Sallama yana yage rigarsa don daɗin waƙa. Mutanen Madina sun yi wa sojansa ba'a cewa yara ne, shi kuma ya mayar musu da cewa yaran nan dare suke raya wa da salla. Bai riƙe garin ba sai 'yan watanni. A 750 Abbasiyawa suka kawar da Banu Umayya, a 762 Madina ta sake tawaye tare da Muhammad Nafsuz Zakiyya, Halifa Mansur ya murƙushe ta, ya tsai da jiragen hatsin da ke zuwa mata daga Masar. A wannan shekarar ce kuma ya aza harsashin Bagadaza, kuɗi da mawaƙa suka bi shi can.

Sana'ar ba ta mutu da ƙaurar ba. Yunusa al-Katib, almajirin Ma'abad kuma mutumin Madina, shi ya fara tattara waƙoƙin da sunayen masu su a littafi. A Bagadaza Ishaƙ al-Mausili, wanda ya rasu a 850, ya tsaya kai da fata wajen kare salon Hijaz daga masu son sabunta shi. A Andalus kuwa, inda Ziryab ya sauka a 822, sarki Abdurrahman na biyu ya sayo kuyangin da aka horar a Madina, Fadlu da Alam da Ƙalam, ya keɓe musu wani sashe na fadar Ƙurɗuba wanda aka riƙa kira gidan Madinawa. Ƙalam asalinta 'yar arewacin Sifen ce, an kama ta tana yarinya, aka kai ta gabas ta yi karatun waƙa a Madina, sa'an nan aka sayo ta aka dawo da ita. Udu ya shiga Turai, kuma sunan da Turawan Ingila ke kiran molonsu na dā daga kalmar Larabcin ya fito. Karin da kansa kuwa bai iso ba. Isfahani yakan rubuta baitocin, ya faɗi wanda ya tsara su da wanda ya rera, ya faɗi ko saƙil ne ko hazaj, har ya faɗi yatsan da ake ɗorawa a kan tsirkiya, amma bai rubuta tafiyar muryar ba, domin a zamaninsa daga baki ake karɓarta. Biranen Ma'abad bakwai suna nan a takarda, ana karanta baitocinsu, babu mai iya rera su yadda ya rera.